Mitar da Ba Ta Shan Wuta

"Ni dai ko ƙanin matar maƙwabcina ne ba zan iya ba, balle ƙanin matata."

"To ya zai yi? Mita ce ta faɗa."

"Mita ta faɗa, amma ai ba ita ta riƙe biro ba."

"Kai, rage murya, yana ciki."

"Ya ji mana, ƙarya na yi? 'Ya'ya huɗu fa, ga matar da tsohon ciki. Alhamis ƙarfe goma kwamiti zai zauna, shi ke nan an sallami mutum."

"Abin da ya fi ɗaure min kai, shi ya koya masa aikin, shi ya kawo shi nan."

"Ai ka ji. Wanda ya ɗora ka a bishiya shi ya san inda ya ajiye tsani."

Tagar ɗakin gyara a buɗe take, masu maganar kuma suna bakin famfo suna wanke baƙin mai daga hannuwansu, don haka babu kalmar da ta wuce kunnen Baba Yatsa. Bai ɗaga kai ba. Abin da ke gabansa a kan benci ya fi maganarsu damunsa.

Sabuwar oba-oba ce fil, irin rediyon da direbobin kamfanin ke magana da ofis da ita daga kan hanya. Da safen nan aka ciro ta daga kwali, tana aiki garau. Ya ɗora jan tsinken mitarsa a kan wani ɗigon dalma, wurin da littafin masu ƙera ta ya ce a sami wuta mai ƙarfin bolt shida. Allura ta tashi ta tsaya a biyu. Ya ɗage, ya goge tsinken a rigarsa, ya sake ɗorawa. Biyu. Ya buɗe kwali na gaba ya gwada 'yar'uwarta. Biyu.

Biyun nan ita ce ya rubuta mako uku da suka wuce, a takardar da ta sa aka dakatar da Auta.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa sai dai a katin aiki. A kamfanin motocin dakon kayan nan, daga manaja har mai gadi, Baba Yatsa ake ce masa, kuma daga hannunsa na dama sunan ya fito. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu a rumfar wani mai gyaran rediyo ya koyi lasar ɗan yatsa ya taɓa cikin akwati. Idan lasifika ta yi gurnani, daga nan zuwa gaba lafiya lau, sai a koma baya a nemi ciwon. Haka kuma duk sanda ya ɗiga dalma sai ya lashi yatsan ya danna wurin ya ji "cus", don kada zafi ya bi waya ya dafa abin da ke jikinta. Kan yatsan ya yi kanta, ya yi fari kamar ragowar sabulu. Sau biyu wutar rediyo mai kwalabe tana wurgo shi daga kan kujera, bai daina ba.

Ranar da maigidansa ya yaye shi ya ba shi mita mai allura a cikin jakar fata. Tsohuwa yake ce mata. Ta bi shi daga rumfa zuwa shago, daga shago zuwa kamfanin nan, inda shekara ashirin da uku ke nan shi ne babba a ɗakin gyaran oba-oba. Abin alfaharinsa ɗaya ne, yana kuma yawan faɗa: bai taɓa sa hannu a takardar da aka dawo masa da ita ba. Saura shekara biyu ya ajiye aiki.

Auta kuwa ƙanin matarsa ne. Yana ɗan shekara bakwai ya biyo yayarsa gidan miji da niyyar kwana uku, ya yi shekara goma sha tara. Yanzu magidanci ne mai furfura biyu-uku a gemu, amma har gobe Baba Yatsa "ɗan rakiyar amarya" yake kiransa, shi kuma ya ce "mijin Yaya, ka biya ni ladan rakiya tukuna." A benci ɗaya suke aiki, kafaɗa da kafaɗa, kuma tsokanarsu ce rediyon ɗakin idan babu wadda aka kunna.

Sai aka wayi gari wata mota ta lalace a dajin da babu gari kusa. Direban, mai ciwon sukari, ya yi ta kira, oba-oba shiru. Kwana biyu kafin a same shi, a galabaice, sai da ya yi mako a gadon asibiti. Manaja ya ce sai an fito da mai laifi. Aka duba kati, Auta ne na ƙarshen da ya gyara rediyon motar. A kan benci tana magana, amma Injiniyan kamfanin ya ce irin wannan ciwon mai zuwa da tafiya ne. Ya buɗe littafi, ya sa biro a kan ɗigon nan ya ce, "Baba, nan ne ya taɓa. Auna ka rubuta."

Irin wannan wurin da yatsa da kunne Baba Yatsa ya saba duba shi. Wannan karon lamba aka nema a takarda. Ya ɗora Tsohuwa, ta ce biyu.

"Yaya," in ji Auta a hankali, "Tsohuwa ce ke shanye wutar. Wurin nan ba ya ɗaukar ta."

Da a bayan ido ya faɗa, wataƙila da an tsaya an duba. Amma a gaban Injiniya ne, da mai sito, da makanikai biyu a bakin ƙofa.

"Mitar da ta girme ka?" in ji Baba Yatsa. "Ka yi aikin banza kuma ka ɗora wa ƙarfe?" Ya sa hannu, har biron ya huda takardar.

Yau Litinin, ga sababbi biyu daga kwali sun maimaita masa maganar Auta. Ya kashe ƙarfen dalma ya nufi ofishin Injiniya.

Injiniya mutum ne mai ladabi, bai kai arba'in ba, amma littafi ne alƙiblarsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya murza ido.

"Baba, ka ga matsayina. In na shiga na ce sababbin ma biyu suka nuna, manaja zai ce to ashe an sayo mana marasa kyau. Ko kuma ya ce tsoho na neman rufa wa ƙanin matarsa asiri. Littafi ya ce shida. Kawo abin da zai nuna shida a kan rediyon da Auta ya gyara, a gaban idonsu."

"Mita mai kwalba da ke sito fa, wadda ba ta shan wuta?"

"Ta mutu tun kafin in zo. Wadda na rubuta a sayo kuwa sai nan da wata uku."

"To zan haɗa irinta da kaina."

"Cikin kwana uku?" Injiniya ya mayar da tabarau. "Kuma Baba, ka dai sani ko? In ta nuna shida, fayil ɗin nan ba rufewa zai yi ba. Suna kawai zai canja."

"Na sani."

Ya kuma san inda zanen mitar da zai haɗa yake. A aljihun bencin Auta, ƙarƙashin tarkacen sukurori, akwai wani shafi da Auta ya yago daga mujallar masu gyara tun bara. A lokacin ya kawo masa yana dariya: "Mijin Yaya, zo mu haɗa wannan mu yi wa Tsohuwa ritaya, ta cika ci." Baba Yatsa ya ɗora kofin shayinsa a kai. Ga shacin gindin kofin nan har yanzu a tsakiyar zanen.

Abin ba shi da wuyar ganewa, shi ya sa ya fi ciwo. Mita mai allura da wutar da take aunawa take motsa allurarta. Kamar mai ɗanɗana miya ce: a babbar tukunya ludayi ɗaya ba komai ba ne, amma in miyar a murfin kwalba take, kafin ya ce ga gishiri ya riga ya shanye ta. Ɗigon da ke cikin oba-oban nan murfin kwalba ne. Abin da zanen ya ce a yi shi ne a sa wani irin taransista da masu gyara ke kira fet tsakanin wurin da allura. Ƙafa uku gare shi, ɗaya ana ce mata ƙofa. Ƙofar nan leƙen wuta kawai take yi, ba ta sha. Ita ke gaya wa sauran ƙafafun nawa ta gani, su kuma su ɗebo daga batirin mitar su motsa allura. Fet biyu ake so, tagwaye masu hali ɗaya, allura a tsakaninsu kamar sikeli, don in zafin rana ya ja ɗaya ya ja ɗayan ma. A gaban ƙofar kuma a jera resista har ta miliyan goma, ta zama siririyar hanyar da wuta ba za ta zube ta cikinta ba.

Yinin Litinin a akwatin matattun rediyo ya ƙare. Fet bakwai ya ciro, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta halin kowanne a bayan kwalin ashana, har ya sami biyu da suka yi kusa. Resista ta miliyan goma babu ko ɗaya a sito, sai ya tsinci 'yan miliyan ɗaiɗai guda goma, masu zoben ruwan ƙasa da baƙi da kore. Allurar kuwa daga wata tsohuwar na'urar cajin batir ya kwance ta. Mai sito ya bi shi da ido ya ce, "Baba, gwangwan za ka fara sayarwa?"

A gida ya shimfiɗa kayan a teburin baranda, daura da keken ɗinkin matarsa. Mako uku ke nan maganarsu ba ta wuce "ga abinci" da "na gode" ba. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta yi kuka a gabansa ba, kuma shi ya fi son a ce ta yi. Ta dubi gwangwanin biskit ɗin da yake huda wa murfi, wanda take ajiye maɓallan riga a ciki, ta dubi maɓallan a zube cikin faranti, ta ci gaba da taka keke.

Talata da la'asar Auta ya shigo gaida yayarsa. Ya yi sallama, ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Baba." Ba Yaya, ba mijin Yaya. Baba, kamar kowa a kamfani.

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Yau ko gobe dai za ta sauka."

Idonsa ya sauka kan zanen mai shacin kofi, ya daɗe a wurin. Baba Yatsa ya jira ya ji ko da baƙar magana ce. Auta ya miƙe ya shige ɗakin yayarsa. Da zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofar gida, bai juyo ba, ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. Na fara tambayar aiki a wajen masu gyaran fanka."

Laraba aka tashi da ruwan sama, ya ƙi ɗaukewa. Ƙarfe huɗu ya dawo gida, saura ɗigo uku ya gama. Ya ɗiga, ya danna, ya ɗiga, ya danna. Ya haɗa batir, ya murɗa abin daidaitawa har allura ta kwanta a sifili. Ya ɗauko sabon batirin tocila ya ɗora, ya daidaita ta a ɗaya da rabi. Ya jera huɗu, ta ce shida cif. A karon farko cikin kwana uku ya ja numfashi har ƙasan ciki.

Sai ya cire tsinkayen, allura ta ƙi komawa sifili.

Ta tsaya a rabi. Yana kallonta ta rarrafa zuwa ɗaya, ba abin da ke taɓa ta. Ya murɗa ya mayar da ita. Ya sunkuya don ya duba allon da ya haɗa kayan a kai da kyau, numfashinsa na sauka a kai, ta sake tashi. Ya ja baya, ta sauko a hankali kamar mai jin kunya.

Mitar da ke motsi ita kaɗai ba shaida ba ce. Manaja ma da bai san jan waya daga baƙa ba zai gane wannan.

Ya canja batir, ba ta daina ba. Ya ce fet ne ya dahu, ya cire ɗaya ya sa na uku a jerin kwalin ashana, abin ya ƙaru. Ya mayar da na farkon. Ya bi duk ɗigon dalma ya sake narkar da shi, kuma duk wanda ya sake, sai allurar ta ƙara hauka. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin ruwan. Saura fet biyu masu kirki a duniyarsa, kuma kowace taɓawar ƙarfe rage musu kwana take yi. Ya tuna masu gyaran fanka, da Auta zaune a bakin titi yana naɗa waya, mutumin da ke karanta zanen oba-oba kamar wasiƙa.

Keken ɗinki ya tsaya.

"Malam."

Ya ɗaga kai. Rabon da ta kira shi haka tun ranar takardar.

"Abin nan da kake yi, na Auta ne?"

"Nasa ne."

"In ya yi aiki, me zai faru?"

"Zai koma bencinsa."

"Kai fa?"

Ya mayar da ido kan allon. Ta gyaɗa kai, kamar ya amsa.

"To ni ban san aikinku ba. Amma tun Litinin nake jin ka kana karanta takardar nan a fili, kana cewa ƙofa ba ta son komai ya taɓa ta, ko ƙura. Shi yawun ba komai ba ne?"

"Wane yawu?"

"Au! Sau goma sha ɗaya na ƙirga daga dawowarka. Ka lasa ka danna, ka lasa ka danna. Allon nan ya sha yawunka ya fi cokalinka."

Ya dubi yatsansa. A jiƙe yake. Bai san sanda ya kai shi baki ba, kamar yadda mutum bai san sanda yake ƙifta ido ba. Ya ɗaga allon ya karkata shi wajen haske, sai ga wani siririn farin shafi, kamar sawun katantanwa, ya tashi daga inda wayar batir take ya bi har gindin ƙofar fet. Gishirin yawu da na gumi ne. A rediyon da ya saba gyarawa wannan ba ya hana komai, shekara arba'in bai taɓa hana komai ba. Amma ya gina ƙofar da ke jin abin da ba a ji, ga ruwan sama ya jiƙa iska, gishirin ya zama hanya, wutar batirin mitar na silalowa ta kai, ƙofar kuma na leƙenta.

"Gwano ba ya jin warin jikinsa," in ji ta. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar sifirit ta akwatin magani, da sabon buroshin haƙori da ta ajiye wa baƙi. Ta tsaya a kansa yana wanke allon, gaba da baya, sau uku. Sannan ya cire ƙafar ƙofar daga jikin allon gaba ɗaya, ya lanƙwasa ta sama, don ya haɗa ta da resistar ƙarshe a iska, inda babu abin da za ta jingina da shi.

Ya kawo ƙarfe zai ɗiga, ta ce, "Tsaya." Ta yanko ƙyalle daga ragowar ɗinki ta naɗe masa yatsan, ta ɗaure tamau kamar mai kaciya. "To, yanzu lasa mu gani."

Ya ɗiga dalmar. Hannun ya taso da kansa har rabin hanya, ya ji ƙyalle a leɓensa. Dariya ta kusa kuɓuce mata, ta danne.

Allon na bukatar bushewa, don haka ba a kunna ba. Ta ajiye shi a saman kabad kusa da murhu, inda ɗumi ke taruwa. Da safe, kafin ya sha ko ruwa, ya haɗa batir. Allura ta kwanta a sifili. Ya hura mata iska da baki, ba ta motsa ba. Ya rufe gwangwanin, ya naɗe shi a tawul, ya riƙe a cinya cikin bas kamar mai kai jariri awo.

Ɗakin taron na da dogon teburi da fanka mai ƙara. Manaja a kai, fayil a gabansa, Injiniya a damansa, wakilin ma'aikata a hagu. Auta na can ƙarshe cikin rigar gida, idanunsa jajaye. An ce tun asuba matarsa ke ɗakin haihuwa. Rediyon motar na tsakiyar teburi, an buɗe bayanta.

Da Baba Yatsa ya kwance tawul, manaja ya leƙo.

"Biskit ka kawo mana, Baba?"

"Mita ce, ranka ya daɗe."

"Wa ya ƙera?"

"Ni."

"Kai ka ƙera mitar da za ta wanke ƙanin matarka." Manaja ya jingina. "Ni ma in ka ba ni kwana uku zan ƙera agogon da zai ce ban taɓa makara ba."

Wakilin ma'aikata ya yi tari. Injiniya ya sa hannu a aljihu ya fito da batiran tocila huɗu a cikin ledarsu, ya yage a gaban kowa.

"Na kaina ne, a hanya na saya. Huɗun nan shida ne, ko a wurin wa. A fara da su."

Baba Yatsa ya ɗora Tsohuwa, ta ce shida. Ya ɗora gwangwani, ya ce shida.

"To duk bakinsu ɗaya," in ji manaja. "Ina rigimar?"

"A nan take, ranka ya daɗe."

Ya ɗora Tsohuwa a kan ɗigon da Auta ya gyara. Biyu, kamar yadda yake a takarda. Ya ɗage ta. Ya ɗauki jan tsinken sabuwar. Ɗigon ƙarami ne, maƙwabcinsa kuma na ɗauke da wutar da za ta iya kashe fet in tsinken ya zame. Ya kai hannu, ya janye. Ya goge tafinsa a wando, ya sake kaiwa. Ƙyallen jiya na nan a yatsan, ya hana shi jin tsinken yadda ya saba.

Kujera ta yi ƙara a ƙarshen teburi. Auta ya zagayo, bai dubi kowa ba, ya sa hannu ya danne wuyan hannun Baba Yatsa a kan teburi, yadda Baba Yatsa ya taɓa danne nasa ranar da ya fara riƙe ƙarfen dalma.

Tsinke ya sauka. Allura ta tashi, ta wuce biyu, ta wuce huɗu, ta wuce biyar, ta rage gudu. Ta tsaya gab da shida, saura kamar kaurin zare biyu.

"Bai kai ba," in ji manaja.

Injiniya ya jawo littafi ya bi layin da yatsa. "Shida, ko sama da rabi, ko ƙasa da rabi. Yana ciki, ranka ya daɗe."

"Ɗaya ta ce biyu, ɗaya ta ce shida. Don me zan yarda da ta gwangwani in bar wadda ta shekara arba'in tana aiki?"

Baba Yatsa ya san za a zo nan. A cikin bas ya yi ta juya abin, ya kuma san in ya yi shi babu sauran wurin ɓuya.

"Auta, riƙe nan kada ka ɗage. Ranka ya daɗe, allurar gwangwanin za ka kalla."

Ya ɗauko jan tsinken Tsohuwa, ya taɓa ɗigon nan, gefen na sabuwar. A gaban idon kowa allurar gwangwani ta rikito daga shida ta faɗo biyu. Ya ɗage, ta koma shida. Ya taɓa, ta faɗo. Ya ɗage, ta koma. Sau uku.

Manaja ya sunkuyo yana kallon allurar.

"Wutar na nan," in ji Baba Yatsa. "Tun ranar tana nan. Mitata ce ke shanye ta in na ɗora. Gyaransa daidai ne. Ya kuma faɗa min a gaban mutane, na ƙaryata shi."

"To me ya kashe rediyon a daji?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Babu wanda ya hau motar ya duba wayar eriya, saboda na riga na rufe maganar da sa hannuna."

Manaja ya buɗe fayil, ya zaro takardar, ya ɗaga ta. Haske ya shigo ta hujin da biro ya yi.

"Mutum ya kusa mutuwa, na dakatar da wani mako uku, motar kuma tana kan hanya yanzu haka da eriyar da ba a duba ba. Duk a kan wannan. Baba, ka san abin da kake jawo wa kanka?"

Auta ya buɗe baki. "Ranka ya daɗe, ai kowa ma da mitar nan zai..."

"Yi shiru, ɗan rakiyar amarya, ba da kai ake ba."

Sunan tsokanar ya fita daga bakinsa ne kafin ya tare shi. Auta ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa ta motsa, ba a san dariya ba ce ko wani abu.

Baba Yatsa ya naɗe wayoyin Tsohuwa a hankali, ya mayar da ita jakarta ta fata, ya ja zif. Sannan ya miƙe tsaye, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. A bar mutumin nan ya tafi asibiti wajen iyalinsa, a kira motar nan ta tsaya inda take. Sunan da ke saman fayil ɗin a cire a sa nawa. Sannan a ara min biro, in soke biyun nan da hannun da ya rubuta ta."